Gatan Talakawan Wata da Burodin Ƙarshe

A'a, ku dakata. Masu cewa darakta Torbjörn Hällgren fim ɗin 'yan sanda ya kwafa ya liƙa masa kumbon 'yan sama jannati, hassada ke cin ku. Wa ya taɓa kai sufeto mai mataccen aure duniyar wata in ba shi ba? A shirinsa attajirai na bene suna shaƙar iska kyauta, lebura na ƙasa sai ya saya. A tsinci gawa, bincike ya yi ta hawa har ofishin mai kamfani. Madubi ne ya kafa wa mu 'yan birnin Malmö na Sweden, in ji shi. Gatan Talakawan Wata kenan, kowa ya rusuna.

Da Ylva mai kyamara ta ce ba a ruwan sama a wata, kallon tausayi ya yi mata.

"Haba Ylva. Kisa ba ruwan sama ai miya ce ba gishiri. A kunna tiyo."

Aka kunna. Dattijo Sixten, mai fitowa a gawa, ya wuni kwance a jiƙe saboda 'yancin ma'aikata.

Ranar ce kuwa Gunnel ta zo daga gidan talabijin. A bakinta zango na biyu yake, in ta ce a'a, Gata ya koma tallan man goge baki. Ya sha sabuwar baƙar riga, ya haddace jawabi a banɗaki.

Lokacin hutun kofi aka kewaye tebur. Burodin kirfa ya saura guda. Kowa ya ɗauke kai kamar bai gani ba, don ɗan gidan mutunci ba ya taɓa na ƙarshe, balle Sixten na can yana goge jiki bai samu ba.

Gata ya miƙe, ya gyara murya.

"Gunnel, duk fasahata tambaya ɗaya ce. Wane irin mutum ne zai fizge numfashin ƙarshe daga bakin ɗan'uwansa?" Hannunsa ya tafi faranti. "Wane irin mutum, Gunnel?"

Bai ko raba biyu ba. Loma ɗaya ya yi masa, yana tauna yana zagin masu handama.

Sai ga Sixten da jinin ƙarya a goshi, haƙora na kaɗawa. Ya dubi faranti, ya dubi kumatun Gata, ya ce, "Ba komai." Ɗakin ya yi tsit. Gata ya ɗauka jawabi ne ya ratsa zukata, har ya dafa ƙirji.

Gunnel ta wanke kofinta, ta gode, ta tafi.

An yi zango na biyu, amma ba da Gata ba. Ylva ke jan ragamarsa, wata ya bushe ƙayau. Gata kuwa kullum yana intanet yana rubuta cewa manya sun toshe masa baki don ya faɗi gaskiya.

Ku da kuke ɗakin nan a ranar, kun yi gum kamar ruwa ya ci ku. Ku sauko ƙasa wurin sharhi ku faɗa wa bawan Allahn nan abin da ya toshe masa baki.