Ɗigon da Ya Kai Ni Kusada

Ko sunana zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da wani ɗan jan ɗigo a fuskar waya ya ja ni daga Kankia har Kusada ba.

Ni dai sana'ata buga katin biki. Kwamfutata ta farko a motar haya aka yi mani awon gaba da ita, na yi jimamin da har maƙwabta suka fara shigowa ta'aziyya. Da na sayi sabuwa sai na ce an yi na farko an yi na ƙarshe. Na kai ta wurin wani mai gyara a Katsina, ya kwance bayanta ya dasa mata tiraka, wata 'yar na'ura kamar marfin kwalba. Duk inda kwamfutar ta sa ƙafa, wayata za ta tona.

Ai kuwa majalisarmu ta teburin mai shayi ta shiga uku. Kullum sai na zaro waya na nuna ɗigon, ina cika baki cewa ɓarawon da zai taɓa ni ba a yanke mashi cibiya ba. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. In zan yi nisa sai na ɓoye ta, kuma kullum da sabon wuri: yau ƙarƙashin katifa, gobe bayan randa, jibi inda ni kaina sai na yi istigfari kafin in tuna.

Rannan surukina, Baba Alhaji, ya zo daga Kusada duba jikoki. Na tuɓe takalmi na tsugunna a zaure, na gaishe shi kaina a ƙasa, sannan na sulale kamar yadda kowane suruki mai kunya ke yi. A tsakar gida na raɗa wa matata Hajara cewa in zai tafi ta sa a ɗora mashi buhun gero guda. Na wuce ɗaurin aure Rimaye.

Da la'asar na dawo, na ɗaga katifa: wayam. Na leƙa bayan randa: wayam. Na duba waya, sai ga ɗigo yana sheƙa gudu a hanyar Kusada. (In faɗi gaskiya, har wani daɗi na ji. Ranar da nake jira ce.)

"Malam, lafiya kake ta birkita ɗaki?" in ji Hajara.

"Wannan aikin maza ne," na ce mata, na fice.

Na ɗauko Ilu, shugaban 'yan sintirin unguwarmu, da gorarsa. 'Yan majalisa suka biyo mu a kan babura, wai za su ga aikin kimiyya. Rabin Kankia ke nan, in ka cire mata da marasa lafiya.

A tashar Kusada ɗigon ya tsaya cak, gindin wata darbejiya. Ga wani mutum can ya ba mu baya, malfa ta rufe mashi ƙeya, yana zaune a kan buhu. Na gyara murya yadda har masu ƙosai za su ji.

"Bawan Allah, asirinka ya tonu. Tun daga Kankia nake kallonka. Da girmanka da komai, ka rasa abin yi sai shiga gidan mutane?"

Malfa ta juyo a hankali. Baba Alhaji.

Ban san lokacin da takalmana suka fita ba. Sai ganina na yi a tsugune, waya a hannu, ɗigo yana ta ƙyafta ido. A nan ne kuma ƙwaƙwalwata, wadda ta yi yajin aiki tun la'asar, ta ga damar tuna mani cewa da safe cikin buhun gero na cusa kwamfutar, na ɗaure bakinsa da hannuna.

Tsohon ya dubi Ilu, ya dubi gora, ya dubi jama'a, sannan ya dube ni.

"Malam, geron ka biyo? Ai da ka aiko, da na mayar."

Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Kusada tauri gare ta. Ilu kuwa, Allah ya shirye shi, sai cewa ya yi: "Baba, a yi haƙuri a ɗan ɗaga, na'ura ta ce a ƙarƙashinka take."

Baba ya miƙe. Aka kwance buhu, na zura hannu har kafaɗa na zaro ta, gero na zuba daga kowace kafa. Wani ɗan majalisa ya ce ko a kai ta inji a surfe.

Da na koma gida Hajara ta ajiye mani tuwo, sannan ta dube ni. "An gama aikin mazan?"

Baba Alhaji bai riƙe ni ba, amma har yau in na aika mashi da ko sabulu ne, sai ya girgiza shi a kunne ya tambayi ɗan aiken ko akwai ido a ciki. Ni kuwa na koyi darasi: kafin ka tambayi tauraron ɗan'adam inda kayanka suke, fara tambayar matarka.