Mashayar Baƙi

A Kwarin Marke tafki ɗaya ne ke kai ƙarshen rani, ana ce masa Tafkin Kowa, kuma a da sunan ba ƙarya ba ne. Duk shekara idan kaka ta wuce, dabbobin kwarin sukan yi gayya su yashe shi. Gyado ya tona, giwa ta kwashe laka, ƙanana su tsince ƙaya. Zaki Mai Daji yakan zo bayan an gama ya sa albarka, daga nan a riƙa kiran aikin da sunansa. Mai son sha, ɗan gida ne ko mai wucewa, goruba ɗaya yake ajiyewa a bakin ruwa, a tara a ciyar da masu gayyar baɗi.

Wata shekara damina ta gaza a ƙasashen arewa, sai ga baƙi garke garke: ɓauna, raƙuman dawa, jiminai, da ƙananan halittun da babu mai kula da zuwansu. Ɓauna kuwa ba su san a sha a tashi ba, sai sun kwanta sun yi birgima. Wata barewa mai suna Tabawa, wadda ba ta daɗe da yaye ɗanta na fari, Nomau, ba, ta yini tsaye a rana tana jiran ruwa ya kwanta, da ya kwanta wani garken ya sake shiga. Tabawa ba ta iya haɗiye magana ba. Ranar da majalisa ta zauna a gindin kuka, ita ta fara neman izini.

“Ranka ya daɗe,” in ji ta, “da kofatanmu muka yashe tafkin nan, har yanzu nawa ba su warke ba. Wanda bai taɓa ɗaga ko ƙwayar laka ba ya zo ya ajiye goruba ɗaya irin tawa, ya sha, ya yi wanka, ya bar mini dagwalo. In wannan ne adalci, to, ni ban gane shi ba.”

Taro ya ɗauki sowa, don gaskiya ta faɗa. Dila, Ma'ajin majalisa, wanda bai taɓa barin gaskiyar wani ta wuce bai ci moriyarta ba, ya miƙe ya gyara wutsiya.

“Ranka ya daɗe, manyan majalisa, 'yan'uwana 'yan ƙasa. Baiwar Allah nan ta yi magana da bakinmu duka. Mu ba masu korar baƙo ba ne, Allah ya kiyaye. Amma girmama baƙo daban, mayar da kai bawansa daban. Ina ba da shawara ɗan ƙasa ya ci gaba da ajiye gorubarsa ɗaya har abada, kada wani ya kuskura ya karɓi fiye da haka a hannunsa. Baƙo kuma ya kawo kwando guda cike. A ja shingen ƙaya a raba tafkin biyu, don kada ƙafar baƙo ta sake gurɓata ruwan ɗan gida.”

Aka tambayi yadda za a gane ɗan ƙasa. Wannan bai ba kowa wahala ba, domin a Kwarin Marke duk wanda aka haifa, uwarsa takan binne cibiyarsa a gindin wata bishiya a gaban maƙwabta. Wanda cibiyarsa ke cikin ƙasar kwarin, shi ne ɗan ƙasa. Sauran duniya baƙi ne, ba su da baki a majalisa, kuma da ruwan farko ya sauka kowannensu zai kama hanyar garinsu.

Saura maganar masu gadi. Majalisa ba ta son ciyar da kowa daga rumbunta, saboda haka aka naɗa Kura Sarkin Ƙofa, aka ce shi da yaransa su riƙa cire kasonsu daga abin da suka karɓa. Wajen rabon tafkin ma an nuna wa 'yan ƙasa gata: aka ba su ɓangaren da ke kusa da gidajensu, mai faɗi, marar zurfi, inda ko ɗan zomo zai sha ba fargaba. Baƙi aka tura su can gefen dutse, inda ruwa ke da zurfi, tunda dai dogayen ƙafafu gare su. Zaki ya yi hamma, Hankaka sanƙira, mai shelar majalisa, ya ce Mai Daji ya amince.

Kwanakin farko Tabawa tafiya take kamar ita ta haƙa tafkin. Ruwansu garau, ba turereniya. Wata safiya ta ga wani tsohon zomo daga arewa a ƙofar baƙi, da goruba 'yan kaɗan a gabansa, yana roƙon Kura ya bar shi ya jiƙa maƙogwaro. Kura ya ce doka kwando ta ce, bai ga kwando ba. Tsohon ya ja jiki ya nufi daji. Abin ya ɗan sosa mata rai, amma ta ce wa kanta ai ba ita ta hana ruwa sauka a garinsu ba.

Manyan baƙi kuwa ko a jikinsu. Raƙumin dawa miƙa wuya kawai yake ya kaɗo goruba, kafin ka ƙifta ido kwando ya cika. Nan da nan Kura ya fahimci abin da majalisa ba ta tsaya ta duba ba: ana cire kaso daga kwando, amma goruba ɗaya ba ta rabuwa. Sai ya kwashe yaransa kaf ya mayar ƙofar baƙi. Suka share hanya, suka kafa rumfa, suka koyi cewa “sannu da zuwa” cikin harsuna daban daban. Ƙofar 'yan ƙasa aka bar wa wani gurgun kura da ke buɗewa in ya ga dama.

Bazara ta kama, ruwa ya yi abin da ruwa ke yi, ya janye ya koma inda ke da zurfi. Mashayar 'yan ƙasa ta zama taɓo, taɓon ya fara tsagewa. Ta tsakanin ƙayar shinge ana hango ɓauna kwance cikin ruwa har wuya. Nomau, da ke tsalle tun safe har yamma, ya koma kwanciya a inuwar marke, harshe a waje, haƙarƙari duk sun fito. Tabawa takan tsotso laka ta kawo masa ɗan danshin da ta samu, ya lasa ya dube ta.

Ta koma majalisa. Wannan karon ba a yi sowa ba, don masu sowar bakinsu ya bushe.

“Ranka ya daɗe, yaron nan nawa zai mutu. Ruwa yana nan, ina ganinsa da idona, shinge ne kawai tsakaninmu. A matsar da shingen, ko a buɗe mana ƙofar can.”

Dila ya girgiza kai cikin alhini. Gashinsa sai sheƙi yake, domin 'yan majalisa a gida ake kai musu ruwa, don kada aikin jama'a ya tsaya.

“'Yar'uwa, kukanki ya taɓa mu. Sai dai shingen nan ba mu muka roƙa ba, ku kuka roƙa. In muka matsar da shi yau, baƙon da ya biya kwando zai ce mun cuce shi, sunan kwarin nan ya ɓaci a duniya. Ki kuma tuna irin gatan da kike da shi. Duk faɗin dajin nan, ina ne ake shan ruwa da goruba ɗaya?”

“Ina ruwan da za a sha da ita?”

“Wannan kuma maganar damina ce, ba ta majalisa ba.”

Tabawa ta ce: “To, na ji. Zan kawo kwandon. Ku karɓa irin na baƙo, ku bar ni in shiga da yaron.”

Nan fa majalisa ta ruɗe da salati. Dila ya dafe ƙirji.

“Mu karɓi kwando a hannun 'yar ƙasa? Ranka ya daɗe, ka ji abin da take so mu aikata! Dokar nan an kafa ta ne don kare talaka daga tsada. Ranar da muka karɓi fiye da goruba ɗaya a hannunki, ranar muka zama azzalumai. Ba za mu zalunce ki ba, Tabawa, ko da kin roƙe mu.”

Zaki ya gyaɗa kai, ko don yarda ko don gyangyaɗi, Hankaka ya ce an sallami taro.

A hanyar gida Kura ya tarar da ita. Ya yi ƙiba har tafiyarsa ta sauya.

“Uwar Nomau, kin cika son wahalar da kanki. Ni fa ban san cibiyar kowa ba, abin da baki ya faɗa nake ji. Ki zo da kwandonki, ki tsaya a ƙofa ki rantse a gaban shaidu cewa ba a binne cibiyarki a kwarin nan ba. Shi ke nan, kin zama baƙuwa, ki sha har ki yi wanka.”

“A gindin tsamiyar can uwata ta binne ta. Kowa ya sani.”

“Waɗanda suka sani sun mutu, ko sun riga ki rantsewa.”

“In ruwa ya sauka fa? Ka manta abin da doka ta ce a kan baƙi?”

Kura ya dubi sama, babu ko ɗigon girgije. “Yaron zai kai lokacin?”

Tabawa ta kama hanyarta. Ta shiga neman goruba. Raƙuman dawa sun riga sun kaɗe na kusa, sai da ta yi ta zagaye kwarin da ƙishi, tana ɗauko ɗaya ɗaya a baki, tana dawowa ta duba ko Nomau na numfashi. Kwando biyu take bukata, nata da nasa. Ranar da suka cika, ta tasa yaron a gaba, yana tafiya yana faɗuwa, har ƙofar baƙi.

Ta tsaya gaban yaran Kura, ta ce ba a binne cibiyarta a Kwarin Marke ba. Muryarta ba ta fita sosai ba, aka ce ta maimaita da ƙarfi don shaidu su ji. Ta maimaita. Aka ɗauke kwandunan, aka janye ƙaya, ta tura Nomau gaba. Sai Kura ya sa ƙafa ya tare shi.

“Ke kin wuce. Wannan kuwa ɗan ƙasa ne, ƙofarsu tana can.”

“Ai na biya nasa!”

“Kin biya, ban musa ba. Amma yaro ba ya rantsuwa, kuma cibiyarsa ba irin taki ba ce. Daminar nan da ta wuce kika binne ta a gindin marken can, har ni na ci abincin suna. In na bar ɗan ƙasa ya shiga da kwando, Ma'aji zai ce na zalunci talaka.”

“Don girman Allah, Sarkin Ƙofa, dube shi fa.”

“Ina ganinsa. Doka cewa ta yi wanda cibiyarsa ke cikin ƙasa. In babu ita a cikin ƙasa, ni ba ni da ta cewa.”

 Tabawa ta juya ta nufi gindin marken. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, ta sa kofato ta yi ta tono har jini ya fito. Maƙwabta da ke kwance a inuwa suka kau da kai. Ta samo abin, ɗan busasshe, a naɗe cikin ganyen da ta naɗe shi da kanta, ta ɗauko a baki ta kawo. Ta tambaya ko sai ta kai shi bayan iyaka.

“Haba, da wannan ranar?” in ji Kura. “Kawo in rage miki hanya.” Ya karɓa ya jefa a baki ya haɗiye, ya juya ya ƙwala wa yaransa kira: “Baƙi biyu! A yi musu sannu da zuwa!”

Nomau ya kafa kai ya sha, ya sha, har cikinsa ya ɗaga. Da Tabawa ta ɗago kai sai ta ga gyadon da ya tone tafkin nan a gefenta, ga gwanki maƙwabcinta, ga iyalan kurege. Babu wanda ya gaida wani. Kowa ya sunkuyar da kai yana sha kamar bai taɓa ganin ɗan'uwansa ba.

A zaman majalisa na gaba Dila ya ba da labari mai daɗi. Ya ce baƙi sun ƙaru a bana fiye da duk shekarun baya, alamar duniya ta shaida kyawun mulkin Mai Daji. Ya ce koke koken 'yan ƙasa kuwa sun ragu har sun kusa ƙarewa. Ya ba da shawarar a ƙara girman kwandon. Tabawa, da ke tsaye can bayan inuwar kuka, ta ɗaga murya ta ce tana da magana. Hankaka ya leƙo ya dube ta, ita da ya sani tun tana ƙarama.

“Baiwar Allah, baƙo ba ya magana a nan.”

Ba a jima ba hadari ya haɗu daga gabas, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta yi ƙamshi, Nomau ya fita yana tsalle cikin ruwan, ƙafafunsa sun dawo. Tun ganye bai bushe ba Hankaka ya bi kwarin bishiya bishiya yana shela: majalisa tana gode wa baƙi bisa zaman lafiyar da aka yi da su, tana kuma tuna musu cewa lokaci ya yi da kowa zai koma garinsu. Yaran Kura na biye da shi don taimaka wa masu nauyin jiki.

Raƙuman dawa suka miƙa arewa, ɓauna suka bi bayansu. Tabawa ta tsaya a mararraba tare da gyado da gwanki da sauran, babu wanda ya san inda zai sa gaba. Nomau, da ke murnar za a yi tafiya, ya zagaye ta da gudu ya dawo ya tsaya a gabanta.

“Inna, garin namu ta wace hanya ake bi?”