Rasuwar Uwar Tafiya a gulbin Fakku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da bai sauka ba har yanzu, ni Alhaji Ɗangiwa na Tambuwal nike sanar da jama'a rasuwar motata, akori-kurar da kowa ya sani da Uwar Tafiya. Ta cika ranar Asabar da azahar, cikin ruwa, a gaban iyalina, suna riƙe da wayoyi.

Marigayiyar ta zo gidana tun ɗana Mannir bai daina fitsarin kwance ba. Ta ɗauki gero da dawa zuwa kasuwar Dogon Daji, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti. Ban yi boko ba, amma ko daga masallaci na ji tarinta na san abin da ke damunta. Da safe takan ce "gur-gur-gur, tuf!" sannan ta yi shiru, sai an tura. Motocin da sunka riƙa yi mata ham a hanya duk sun zama tukwane da murafu. Masu su ma da yawa na raka su maƙabarta.

Lalurorinta biyu, kuma ba ɓoyayyu ba ne. Ba ta da birkin hannu, ba ta tashi da makulli. Don haka ba a aje ta sai a gangare, fuska ƙasa, da dutse ƙarƙashin tayar gaba. Dutsen nata ne, a bayanta yake hawa, tare muke zuwa ko'ina. Akuyoyin unguwarmu ma sun san ba a taɓa shi.

Ga yadda ajali ya zo. Mannir ya kawo iyalinsa hutun damina daga birni, wai yara su ga ƙasar kakanninsu. Ya so mu shiga tasa motar, wagga mai sanyi kamar ɗakin gawa, wadda cikinta ke jan ƙasa. Dama shekara da shekaru shina lallashina in bar tuƙi, in sayar da Uwar Tafiya ga masu awon ƙarfe. Na nuna mashi cewa hanyar Kebbe da damina ba ta 'yan gayu ba ce. Anka shimfiɗa tabarma a baya, kowa ya hau.

Mun ga gonaki kore shar. Jikokina sunka ga raƙumi sunka yi ihu kamar sun ga aljani. Sun ɗauki hoton shanu, sun ɗauki hoton rumbu, har da jaki shina birgima. Ko sau ɗaya ba su ɗauki wadda ta kawo su ba.

A bakin gulbi kusa da Fakku na aje ta bisa tudu, na sa mata dutsenta, na kishingiɗa ciki don in huta. Surukata Ruwaida, matar Mannir, mai girki da gas, ta ce yau sai ta ɗumama miya irin ta ƙauye don a ɗauke ta a waya. Ta samo duwatsun murhu biyu. Ta duba gabas da yamma, wurin duk yashi. Sai ta hango na uku, mai kyau, mai santsi, zaune ƙarƙashin taya ba ya aikin komi.

Na farka na ga gulbi shina tahowa. Marigayiyar ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Kalamanta na ƙarshe su ne "ƙiiii, ɓul-ɓul-ɓul". Ni kuwa, da na tsira daga fari da kwalara da faɗuwa rijiya, na fito ta taga da hulata bisa kaina. Malam Haliru, wani manomi na wurin, shi ya jawo gawar da bijimansa. Miyar ma ta ƙone.

Ta rasu ta bar ni, da tayar ko-ta-kwana wadda ba ta je yawon ba, da jarkar ruwa, da igiyar da ke riƙe ƙofar hagu, da matasan unguwa da sunka yi ƙwanji wajen tura ta. Ta kuma bar dutsenta, wanda ya dawo gida baƙi ƙirin da hayaƙi.

Za a yi zaman makoki ƙofar gidana, ƙarƙashin dogon yaro, inda anka kwantar da ita. Masu awon ƙarfe kada su wahalar da kansu, ko ƙusa ba ta fita. Mannir ya aiko da makullin motarsa wai in yi haƙuri, na mayar mashi da abinsa. In zai zo gaisuwa ya aje motar tasa bakin titi ya tako. Bayan la'asar Ruwaida za ta wanke dutsen da sabulu, ta durƙusa gaban jama'a ta mayar da shi inda ta ɗauko. Masu waya an yarda su ɗauki wannan.