Ranar da na share filin ɓerayen Malam

Shin dariya Malam ya yi a ranar nan, ko kuka? Har yau ban sani ba. Na dai ga ya juya ya shige bayan bishiyar dogon yaro, kafaɗunsa suna rawa. Yana raye kunya ta hana ni tambaya, yanzu kuma ba wanda zan tambaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba, 'yata Rabi ce take rubuta wannan ina faɗa mata. (Rubuta yadda na faɗa, Rabi, kada ki gyara mini magana.) Ranar kam ba zan manta da ita ba, ko na so in manta matan Saga, unguwarmu, ba za su bar ni ba.

Maigidana malamin jami'a ne a nan Yamai, aikinsa kuwa ɓera da ciyawa. E, ɓera, kusun nan da kowa ke jifa da takalmi. Da aka kawo ni daga Maraɗi an ce mini na auri babban mai ilimi, sai na tarar da mutum yana roƙona ƙuli-ƙuli zai sa a tarko. Ya tafi daji kwana da kwanaki, ya dawo wandonsa cike da ƙarangiya, ni ce mai cirewa. Ya kama kusu, ya auna nauyinsa, ya duba haƙoransa, ya sa masa alama a kunne, sannan ya sake shi. Ya sake shi! Farkon ganina na ce, "Malam, to me ya sa ka kama shi?" Ya ce, "Gaisawa muka yi."

Idan mata sun tambaye ni aikin mijina a wurin biki, cewa nake yi yana aikin gwamnati ta fannin dabbobi. Su ɗauka shanu ne, ni kuma in bar su a haka.

Amma mutane sun san shi. Shekarar da damina ta yi kyau, tun ba a girbe gero ba zai ce wa manoma su gyara rumbunansu, ɓera na tafe, kuma ya zo ɗin. Ɗalibansa sun bazu Damagaram da Tawa, har ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Kowanne ya zo sai ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya wuce filin baya.

Filin nan shi ne abin. Wani yanki ne a gidanmu ta baya, Malam ya kewaye shi da zana tun kafin a haifi Rabi, ya ce kada a nome, kada a share, kada akuya ta shiga. Ya kakkafa turaku ya ɗaɗɗaura igiya, ciyawa ta yi yadda take so: kyasuwa, ƙarangiya, harƙiya, da wani gindin gamba da ya ɗauko daga garinsu. Ƙarƙashi kuwa ramuka ne kamar rariya. Kowace safiya yana tsugune a ciki yana kallo. Ni kuwa mace ce da aka sani da tsabta a kartiyenmu, duk unguwar ta shaida, tsakar gidana ko tsinke ba ka gani. Na haƙura da filin ne don ƙofarsa a rufe take.

Da lokacin ajiye aikinsa ya yi, ɗalibansa suka shirya taron karrama shi. Ana gobe taron ya ce mini, "Hajiya, bayan taro baƙi za su zo cin abinci. Akwai waɗanda suka taso daga nesa, kuma dukkansu suna son su ga filin."

Su ga filin? Manyan mutane masu takalma masu ƙyalli? A gidan ubana abin da baƙo zai gani shi ake fara sharewa. Na ce a raina Malam namiji ne, bai san abin da ake faɗa a kan mace ba idan baƙi suka fita.

Na je na sami maƙwabciyata Hajiya Gambi, Bazabarmiya ce, tare muke zuwa kasuwar Peti Marshe tun muna da ƙarfin ɗaukar kaya. Na faɗa mata. Ta dafe ƙirji.

"Wannan kangon? Ƙawata, kina so a ce matar Farfesa ƙazama ce har a ƙasar anasara?"

"Ai ya ce kada a taɓa."

"Ranakun banza yake nufi. Wane namiji ne zai ƙi a gyara masa gida ranar baƙi? Gobe zai gode miki, ki ce ni na faɗa."

Da safe Malam ya sa babbar riga ya tafi otal ɗin Gaweye inda baƙin suka sauka. Ƙurar taksi ba ta kwanta ba Gambi ta shigo da matan layinmu, wannan da hauya, wannan da manjagara, ni da sabuwar tsintsiya. Wallahi aiki muka yi na tsakani da Allah. Muka nome ciyawar ƙarƙaf, wata mai akuya ta kwashe ta tana sa mana albarka. Ramukan nan Gambi ta bi su ɗaya bayan ɗaya da taɓarya tana dannawa tana cewa, "Ku koma gidan ubanku." Gambar ta yi gardama, sai da muka taru a kanta. Turakun kuwa busasshen itace ne mai kyau, na ga asara ce a zubar, na tura su murhu ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Muka zuba farin yashin kogi, na bi shi da tsintsiya na yi masa zane kamar ɗakin amarya, muka shimfiɗa tabarmi, na kunna turaren wuta. A ƙarshe Gambi ta kawo kyanwarta aro, ko da wani ɓera zai fito.

(Daina dariya, Rabi, hannunki na rawa.)

Bayan azahar suka iso. Na sa shaddata mai ruwan ƙasa, na zaunar da su a tsakar gida, aka ci shinkafar Saga da dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan, aka sha lemu-hari mai citta. Akwai wani tsohon anasara abokin Malam, ya ƙara shinkafa yana lumshe ido. Dakta Salamatu, ɗalibar Malam 'yar Tawa, ita ke juya mini abin da suke faɗa da Faransanci. Ta ce tsohon ya ce tun yana saurayi yake karanta labarin filin nan, yau Allah ya nufa zai gan shi da idonsa. Na ce a raina, gara da muka gyara.

Malam ya miƙe ya yi ɗan jawabi. Ya ce duk abin da ya sani a filin nan ya fara koyonsa, kuma hannun mutum bai taɓa shi ba tun ranar da ya kewaye shi. A nan ne na ɗan yi shakka, amma na ce ai yabon filin yake yi. Na riga su zuwa, na tsaya bakin ƙofar zana, Gambi a gefena. Suka taho a jere, kowa ya ɗaga waya zai ɗauki foto. Ni da kaina na buɗe, na ce da ƙarfi:

"Bismilla, ku shigo! Ba ƙarangiya ko ɗaya."

Farin yashi yana ƙyalli, hayaƙin turare yana tashi, kyanwar Gambi kwance a tsakiyar tabarma tana lasar ƙafa. Tsohon anasara ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya yi magana a hankali. Salamatu ta sunkuyar da kai.

"Mama, yana tambaya ina ramukan."

"Mun toshe su," in ji Gambi, har da gyara mayafi. "Da taɓarya. Ki ce masa ko ɗaya ba mu bari ba."

"To turakun fa, Mama? Su ne alamar wuraren da muke aunawa."

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai da su aka dafa shinkafar da kuka ci."

Salamatu ba ta juya wannan ba, amma wani ya juya. Tsohon ya dafa cikinsa. A lokacin ne Malam ya dube ni, ya dubi yashin, ya wuce bayan dogon yaro, kafaɗunsa suna rawa. Gambi ta ɗauki kyanwarta ta ba ni haƙuri da Zabarmanci, "Kala suuru, ƙawata, na bar tukunya a wuta," ta bar ni tsaye da kaskon turare a hannu.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na samu sauƙi. Da safe sai ya je ya tsuguna a kan yashin kamar kullum, yana kallon babu. Na kai masa koko, ya karɓa ya ce, "Sharar ta yi kyau, Hajiya." Na koma ɗaki na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe.

Da damina ta sauka, wata safiya ya kira ni. Na je a tsorace. Yashin nan ya tsiro da ciyawa, amma ba ko'ina ba, tsibi-tsibi, daidai inda Gambi ta bi da taɓarya.

"Rumbunan ɓerayen ne," ya ce. "Nan suke ɓoye irin ciyawa. Na daɗe ina son in ga yadda fili ke farfaɗowa idan an ƙwaƙule shi, zuciyata ta kasa. Sai da aka samu mai ƙarfin hali."

Ɗalibai suka dawo da sababbin turaku. Har yau, in ji Salamatu, idan za su nome wani ɗan yanki da gangan don su ga abin da zai tsiro, sai su ce za su yi sharar Hajiya. Sunana ya shiga jami'a ta ƙofar da ban so ba. Ɓerayen sun dawo, ƙarangiya ta dawo har ta fi da. Gambar garinsu ce kaɗai ba ta dawo ba, kuma bai taɓa ambatonta ba. Wannan ya fi ci mini rai.

Abin da na koya, da tsufana, shi ne in tambaya kafin in share, kuma kada in tambayi Gambi.

Bara ya kwanta rashin lafiyar da bai tashi ba. Da aka yi rasuwa gida ya cika, mata suna leƙen filin ta zana suna taɓe baki, Gambi ta zo da tsintsiya a hammata don ta taya ni gyara. Na karɓe ta na saka ƙarƙashin gado. Ba ta gane ba, don ba ta wurin a safiyar ƙarshe a asibiti. Na sunkuya ina kakkaɓe masa zanin gado, ya kamo bakin mayafina. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na kai kunne. Idonsa na dariya, wannan kam na tabbata. Ya ce:

"Hajiya, idan mutane sun zo gaisuwa, ki ɓoye tsintsiya."