Kifin Hajiya da Takardar Gyara

Ba zan taɓa mantawa da wannan Litinin ba. Wata biyar ke nan da na samu aiki a wani kamfanin shinkafa a Birnin Kebbi, ina duba ɗinkin bakin buhu kafin a loda. Daga Argungu nake tasowa kullum, direba kuwa ba ya tashi sai mota ta cika, don haka makara ta zame mini jiki.

Ranar na shigo tara da rabi. Malam Bello, mai kula da ma'aikata, ya miƙo mini ambulan. Na buɗe, na ga sunana, na ga jan hatimi, na ga kalmar ladabtarwa da Turanci a sama. Nan karatuna ya tsaya. (Na ci Turanci a sakandare fa, tsoro ne ya cinye shi.) Fuskar Baba kawai nake gani, shi da ya yi wata uku yana bin mutane kafin a ɗauke ni.

Na ce tunda an kore ni, bari in tafi ba haƙƙin kowa a kaina. Na bi 'yan sashenmu ɗaya bayan ɗaya ina kuka ina neman gafara. Har kujerata na ba Saratu, abokiyar aikina. Sannan na faɗa ofishin Hajiya Luba, shugabar sashenmu, na durƙusa.

"Hajiya ki yahe mini. Soyayyen kifinki da ya ɓace ran Alhamis, ba mussar nan mai kama ɓera ta ci ba, ni na ci."

Ta zuba mini ido. Bakina ne ya ƙi yin shiru.

"Kuma sunan nan Agogo da ake kiran Malam Bello a ɓoye, ni na raɗa mishi."

Sai na ji gyaran murya a bayana. Ashe yana zaune bayan ƙofa tun shigowata.

"To, Alhamdu lillahi," in ji shi, "yau na ga mai raɗin suna."

Hajiya ta riƙe baki. "Ke ɗiyata, wa yac ce an kore ki? Zamna ki karanta muna ta, da ƙarfi."

Na karanta. Ashe shirin gyara ne na mako huɗu. An rubuta laifina, makara. An rubuta abin da ake so, in iso ƙarfe takwas. An ba ni wuri a motar kamfani mai tasowa daga Argungu da sassafe, kuma duk Juma'a zan zauna da Hajiya mu duba yadda makon ya tafi. In na gyara a cire takardar daga fayil ɗina, in ban gyara ba sai a yi maganar gaba. Har da gurbin da zan rubuta uzurina, wanda na jiƙa da hawaye.

Kafin in sa hannu, Hajiya ta ɗauki biro ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: kifi.

Yau mako biyu ban makara ba ko sau ɗaya. Kifi na kai, kujera kuwa sai da na roƙi Saratu kwana uku. Duk safiya Malam Bello yana bakin ƙofa, ya ɗaga hannu ya ce, "Agogo na gaishe ki."

Ni dai na koya: duk takardar da aka ba ni, sai na kai ƙarshenta kafin in fara tuba.