Motsa Jikin da Ba a Gani

Wata maƙwabciyarmu, Hansatu, tun da ta yi haihuwa ta huɗu fitsari ya daina jin maganarta. Ta yi atishawa, ya zubo. Ta yi dariya, ya zubo. Alwala kuwa ko sallamar salla ba ta kai ta, abin har ya sa ta daina shiga mutane don kunya. Da ta koma asibiti bayan arba'in, sai nas ta koya mata ta riƙa matse naman ƙasan mararta kamar mai riƙe fitsari, ta ɗan jima, ta saki, ta sake. Ta ce a zaune ma ana yi, ba sai an tashi ba.

To mijinta kuwa, Allah Ya yi shi gwanin motsa jiki, a baki. Duk Asabar zai saka riga da wando na 'yan ƙwallo, ya rataya tawul a wuya, ya bi layi yana gaisawa da kowa don a shaida ya fita. Gudun nasa a teburin mai shayi yake ƙarewa, kan burodi da wainar ƙwai. Tumbi sai gaba yake yi abinsa.

Wata Asabar ya fito da shirinsa, ya tarar da ita zaune a kan tabarma, ta yi tsit. Ya miƙo mata ƙafa don ta ɗaure masa igiyar kambas kamar yadda aka saba. Ta ce ya ɗan dakata, motsa jiki take yi.

Ya yi dariya har da riƙe bango. Wai shi dai bai taɓa ganin motsa jikin da ba gumi ba haki ba, in lalaci ne a kira shi lalaci.

"Ke fa ko yatsa ba ki ɗaga ba," in ji shi. "Wa ya ga kina yi? Mu da muke yin na gaske, duk unguwa ta sani."

Hansatu ta gama abinta tsaf, ta dubi tumbin, ta dubi ƙafar da ya miƙo.

"Gaskiyarka, Baban Walida," ta ce. "Nawa ba mai gani, amma yanzu alwalar azahar tana kai ni la'asar. Naka da duk unguwa ta sani, bismilla, sunkuya ka ɗaure takalminka."