Yadda Na Zama Na Ɗaya a Intanet

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantar Koyar da Rubutun Talla ta Intanet, malamin da muke jin muryarsa ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, uban 'yan kasuwar zamani.

Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malaminsa, da fatan ofis lafiya, kujera mai juyawa lafiya. Yallaɓai, na zo godiya ne a bainar jama'a, tunda lambar wayarku in an kira kiɗa kawai take saka wa mutum. Kun yi alkawari, kun cika. Kun ce duk wanda ya bi darasinku sau da ƙafa, shagonsa ne zai fara fitowa idan aka yi bincike a waya. Na bi, na kuwa fito. Yau duk wanda ya buga "kuɗin cizo" a wayarsa, shagona na katifa yake fara gani, da hotona ina murmushi na dafa sabuwar katifa. Sai dai matata ta ɗora keken ɗinkinta a mota ta koma gidan yayarta, ta ce ranar da rubutun tallan da na yi ya sauka daga intanet, ranar za ta dawo. Shi ya sa godiyar tawa ta zo da 'yan ƙorafe-ƙorafe. A yi haƙuri da ɗan kasuwa, ba ya iya yaba kaya sai ya juya bayansa ya duba ɗinkin.

Na farko. Kun koya mana cewa kada mu tallata haja, mu tallata matsalar mai saye. Ni tun kafin gemuna ya fito nake sayar da katifa, kuma tallata ɗaya ce: in ce wa mai wucewa, zauna ka ji. In ya zauna, bayansa ne ke yi mini ciniki. Kuka ce wannan tsohon yayi ne, in nemo abin da ke hana mutane barci in yi rubutu a kai. Na kawo ciwon baya, na kawo minshari, na kawo zafi. Na'urarku ta auna ta ce duk ba a nemansu sosai, kalmar da jama'a suka fi bugawa ita ce kuɗin cizo, har ta yi mata koren tambari. Wane ni, mai ƙaramar takardar sakandare, in yi gardama da koren tambari?

Na biyu, kuma a nan ne nake son Yallaɓai ya gyara zama. Kun ce rubutu ya fara da labari. Na rubuta cewa wani mutum ya sha fama da ƙwarin nan. Mai gyaran rubutunku ya dawo mini da shi da jan layi, ya ce "wani mutum" ba ya taɓa zuciya, in ce "ni". Na shaida masa cewa gidana babu su. Matata irin matan nan ce da in ta ga tururuwa ɗaya sai ta bi ta da tsintsiya har gidan iyayenta. Ya ce labarin talla ba rantsuwa ba ce a gaban alƙali. Na sa "ni". Ya sake dawowa da shi, wai a ƙara iyali, masu karatu suna tausayin mata da yara. Sai na rubuta cewa ni da iyalina mun daɗe muna kwana muna susa, har a kan keken ɗinkin matata ana ganinsu suna jerin gwano. Wannan layin ya sa masa tauraro. Tun da nake karatu ba a taɓa sa mini tauraro ba, ranka ya daɗe, sai a kan ƙwaron da ban taɓa kwana da shi ba.

Na uku. Kun ce a maimaita kalmar a kanun rubutu, a layin farko, a kowane sakin layi, kuma jimla ta zama gajera yadda kowa zai karanta ba tuntuɓe. A nan kam ba ni da abin cewa sai jinjina. Surukata, wadda take bin rubutu da yatsa, ta karanta shi ba tare da ta nemi taimakon kowa ba, ta kuma tura wa dangi kaf. Katifar da nake sayarwa kuwa kun ce a ɓoye ta sai layin ƙarshe, kada mai karatu ya ga zalamata. To wa ke kaiwa layin ƙarshe? Kafin mutum ya kai tsakiya ya fara susar wuya, ya rufe wayar.

Na huɗu. Kullum kuna turo mini hoton kibiya tana hawa sama, kuna cewa jama'a na tururuwa zuwa shafina. Gaskiya ne. Suna zuwa su tambaye ni ko ruwan zafi yana kashe ƙwan kuɗin cizo, ko gara a ƙona gadon gaba ɗaya. Mai feshin ƙwari da ke ƙarshen layinmu ya sayi sabon babur, in ya wuce sai ya rage gudu ya ɗaga mini hannu biyu, yana ce mini Shugaba. A shago kuwa, wata baiwar Allah ta tsaya daga waje, ta ɗaga gefen katifa da tsinin lemarta, ta ce, "Malam, waɗannan daga kamfani suke, ko daga gida ka kwaso su?" Yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya zo gaishe ni, na nuna masa kujera, ya ce a'a, sauri yake yi. A tsaye ya yi hirar yini guda.

Duk wannan da sauƙi, ni na saba da bakin kasuwa. Ita matata ɗinki take yi a ɗakin zaure, kuma tela ba shi da jarin da ya wuce a yarda a bar masa yadi ya kwana. Masu kaya suka yi ta zuwa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, kowace da ledarta tana ƙullewa tam. Wata ma a ƙofar gida ta tsaya ta kakkaɓe nata, maƙwabta na kallo. Matata ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe tef ɗin awonta, ta dube ni ta ce, "Baban yara, duk faɗin gidan nan ka rasa inda za ka ajiye ƙwarinka sai kan kekena? Ai da ka sa su a gemunka, tunda shi ne a hoton." Na ce malamina ne ya ce a ƙara iyali. Ta ce to malamin ya zo ya dafa maka.

Na biyar. Na nemi a sauke rubutun, sai na tarar makullin shafin nawa yana hannunku, kamar mutum ya gina shago maƙwabci ya riƙe ɗan makulli. Ma'aikacinku ya ce dokar makaranta ta hana kashe rubutun da ke jan jama'a, amma ina iya rubuta gyara. Na rubuta, da kanu mai cewa babu kuɗin cizo a gidana. Kun riga kun horar da hannuna, ya maimaita kalmar a kowane sakin layi ba tare da na sa shi ba. Yanzu ni ne na ɗaya, ni ne na biyu. Da na je biko, yayar matata ta tare ni a tsakar gida, ba ta ko shimfiɗa mini tabarma ba, ta ce, "Wannan rantsuwa haka, ƙanina, ai sai mu ce sun kai rufi."

Saboda haka ga roƙona, kuma ba babba ba ne ga mai ofis irin naku. Ku danna abin da ake dannawa, rubutun nan biyu su sauka. Ba na neman a mayar da ni na goma ko na ɗari. Ku mayar da ni inda kuka same ni, can inda ko an buga sunana ba abin da ke fitowa, in ci gaba da ce wa masu wucewa su zauna su ji. Ni matata nake so ta dawo, da kekenta.

Allah ya ƙara wa kibiyarku tsawo, ya sa kujerarku ta zama babu kowa a cikinta sai ku.

Naku mai biyayya har ya wuce misali,
Mai Katifa, shagon da ke kusa da famfo.

Ƙari. Ina shirin rufe wasiƙar nan saƙonku ya shigo, cewa ni ne gwarzon ɗalibi na wannan zango, za a riƙa koyar da sababbin ɗalibai da rubutuna, kuma in turo hotona tare da iyalin da suka ci moriyar darasin. Na gode da karramawa. Wanda ya ci moriyar dai mai feshi ne, matata kuma ba ta nan. To wane iyalin zan jera muku a hoton, nawa da suka tafi, ko waɗanda kuka ce in rubuta suna kwana tare da mu?